Baba ya warke daga korona, sai bakinsa ya karkace

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 64, yana da hawan jini. Korona ta kwantar da shi kwana tara a asibiti, har da ƙarin iska. Mako biyu da sallamarsa, shekaranjiya da asuba bakinsa ya karkace, hannun dama ya yi nauyi, magana ta sarƙe. Kafin rabin awa komai ya koma daidai. Mai kemis na unguwarmu ya ce korona ce ta daskarar masa da jini, ya ba mu asfirin da wata ƙwayar tsinka jini. Na kasa barci. Koronar ce? Mu ci gaba da ba shi?

Wata 'yar uwa daga Agege

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. 'Yar uwa, yau za ki kai shi asibiti. Abin da kika gani ƙaramin bugun shanyewar ɓarin jiki ne da ya zo ya saki, kuma babban ya fi biyo bayansa a kwanakin farko.

E, korona mai tsanani tana iya jawo haka. Ƙwayar cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana ƙuje shimfiɗar cikin jijiyoyin jini, garkuwar jiki kuma ta yi faɗan da ya wuce kima, jini ya riƙa gudaji. Wani lokaci zuciya ce ke rikicewa da bugu, gudan jini ya taru a cikinta, ya tsinke ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Haɗarin ba ya ƙarewa ranar sallama, yana bin mutum makonni, balle mai hawan jini ko ciwon suga.

Maganar mai kemis ce ta ɓata mini rai. Tun da cutar ta ɓulla a nan Legas a Fabrairun 2020, kowa ya haddace cewa korona na daskarar da jini, sai ƙwayar tsinka jini ta zama abin miƙa wa kowa a kemis. To shanyewar jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. A ƙasarmu kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, galibi saboda hawan jinin da aka yi sakaci da shi. Alamominsu kusan ɗaya ne. Ni da nake wannan aiki kullum ba na iya rantsewa da ido, sai na ga hoton ƙwaƙwalwa na CT. Da me mai kemis ya gani? In jijiya ce ta fashe, wannan ƙwayar ƙara wa wuta fetur ce. Ya kuma haɗa biyu, ga dattijo mai hawan jini! Ko awon jininsa ya yi? Ya tambayi magungunan da aka sallame shi da su? Ta yiwu a asibiti mu ma mu ba Baba asfirin, amma bayan hoto, da gwajin zuciya, da awon jini. Na sha karɓar marasa lafiya da aka shafe kwana uku ana musu haka a gida, ana kawo su hoto ya nuna jini ya riga ya malale, abin da za mu iya yi ya ragu ƙwarai. Haka saƙon WhatsApp ɗin nan na wai a tsira wa wanda jikinsa ya shanye allura a yatsu: ƙarya ce, lokaci kawai yake ci.

Lokacin kuwa shi ne komai. Allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa huɗu da rabi daga fara alamar, kuma ko mai biyan kuɗin hoto sai an nemo shi, ga cunkoson hanya. In abin ya dawo, ki duba agogo ki riƙe lokacin, ki kwantar da shi ta gefe, kada ki ba shi komai ta baki, ko ruwa ko zuma ko rubutu, don haɗiya takan lalace ya shaƙe. Addu'a a yi ta a cikin mota. Ki kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 767, ko ku nufi babban asibiti mai na'urar CT. Asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi muku kusa a kan na LUTH da ke Idi-Araba.

Ki dakatar da ƙwayar tsinka jinin har likita ya gan shi, amma kada ya fasa maganin hawan jininsa. Ki tafi da kwalayen duka, da takardar sallamarsa.