Filin Tambayoyin Kwamfuta: Bayanin manhaja ya cika da =head1 da B<>, yaya zan mayar da shi rubutu zalla?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni ɗalibi ne a nan Gwallameji cikin Bauchi, ina aikin IT a wani ofis, sai oga ya ba ni wasu tsofaffin fayilolin Perl da suke kwafe musu bayanai kullum dare, ya ce in fitar mai da bayanin da ke ciki a buga a takarda don ma'aikata su riƙa dubawa. Da na buɗe a Notepad sai na ga ko'ina =head1, =item, =over da su B<-d>, na kwana biyu ina gogewa da hannu, ƙarshe dai washegari aka ce kwafin bai yi ba alhali ban taɓa kod ɗin ba wallahi. Dan Allah ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya da na karanta saƙonka sai da na ji ba daɗi, saboda kwana biyun nan da ka yi aikin daƙiƙa ɗaya ne, kuma ba laifinka ba ne, ba a nuna maka ba ne kawai. Amma kafin komai, in akwai kwafin fayilolin na asali a fulash ko a wata kwamfutar ka je ka dawo da su yau ɗin nan, kar ka sake gyara komai a cikin wanda ofis ke aiki da shi.

Abin da ka gani ɗin nan sunansa POD. Hanya ce da masu rubuta Perl, wato wani yaren rubuta manhaja, ke saka bayani a cikin kod ɗinsu, tun fitowar Perl 5 a 1994 ake amfani da ita, shi kuma Perl ɗin Larry Wall ne ya fito da shi a 1987. Yadda abin yake, duk inda Perl ya ci karo da layin da ya fara da = da kalma, irin =head1 ko =pod, sai ya ɗauke kai ya daina karantawa a matsayin kod, yana ta tsallakewa har sai ya iske =cut, nan ne zai dawo bakin aiki. To ka ga inda nake zargin matsalarka take. In garin share-share ka goge =cut guda ɗaya tal ka bar =head1 na samansa, duk kod ɗin da ke ƙasa har zuwa =cut na gaba ya zama bayani a idon Perl, zai wuce shi shiru, sau da yawa ko kuka ba zai yi ba, manhaja ta tashi ta gama ba ta kwafe komai ba. In kuma =head1 ɗin ka cire ka bar zancen da ke ƙarƙashinsa, Perl zai ɗauki Turancin nan a matsayin umarni ya watso maka kurakurai. Ko ta ina ka ɓullo gogewa da hannu ɓarna ce.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe tarminal, baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ka shiga foldar da fayil ɗin yake ka rubuta:

pod2text ajiya.pl bayani.txt

Shikenan fa. Na farko sunan fayil ɗinka ne, na biyu sabon da za a zuba rubutun a ciki, kuma ba zai taɓa na asalin ba ko da harafi ɗaya. Shi pod2text tare da Perl yake zuwa, in kwamfutar ofis ɗin Linux ce kuma tana gudanar da waɗannan fayiloli to kusan tabbas yana nan zaune. A Windows sai ka sauke Strawberry Perl, a wayar Android ma in kana da Termux, manhajar tarminal ta waya, ka rubuta pkg install perl ka samu, na sha yin haka a waya lokacin da ba wuta laftof ta mutu.

Bari in nuna maka da ɗan misali. A ce cikin fayil akwai wannan:

=head1 SUNA

ajiya - kwafe fayilolin ofis

=over 4

=item B<-d>

Foldar da za a kwafe, misali C</home/ofis>

=back

=cut

Abin da zai fito shi ne SUNA a bakin layi ta hagu, bayanin ƙarƙashinsa an tura shi ciki da tazara 4, sai -d tsaf ba B ba kibiyoyi, bayaninsa a gefensa, ita kuma /home/ofis an sa ta cikin alamar zance. Abin da aka sa a I<> yakan fito tsakanin taurari biyu. Kod ɗin Perl kansa ba zai fito ba sam, bayanin kaɗai yake tsamowa, sai dai in kai ka nema da --code.

Inda na fi so ka natsu shi ne faɗin layi. In ba ka ce komai ba pod2text yana karya layi a harafi 76, wannan daidai ne ga takardar A4 da oganka ke so, amma ranar da aka ce turo mana ta WhatsApp za ka ga rubutun ya kakkarye a waya, dogon layi ɗaya sai guntu ɗaya, dogo sai guntu, ba mai iya karantawa cikin daɗi. A nan sai ka ce pod2text -w 40 -i 2 ajiya.pl bayani.txt, wato faɗi 40 turawa ciki 2. Sai dai ka sani duk sakin layin da marubucin ya fara da fili, wanda yawanci misalin umarni ne, ba a karya shi, yadda aka rubuta haka zai fito, kuma hakan shi ne daidai don umarnin da aka karya a tsakiya wani zai kwafa ya ƙi aiki.

Akwai -c mai sa launi, yana da kyau in a allo kake karantawa, amma kar ka haɗa shi da fitarwa zuwa fayil, launin nan wasu ɓoyayyun alamomi ne da tarminal kaɗai ke ganewa, a Notepad shara za su zama. Sannan abin da ya taɓa cin wani yaro da nake koya wa a gabana, ya rubuta pod2text aiki.pod > aiki.pod, suna ɗaya hagu da dama. Alamar > tana fara wofintar da fayil ɗin da ke gabanta ne tun kafin a karanta komai, kafin in ce kar ka danna ya danna, muka buɗe fayil ba ko harafi. Dan Allah suna daban kullum.

In ka dawo da na asalin ka gudanar da podchecker ajiya.pl, zai gaya maka lambar layin da aka buɗe =over ba a rufe da =back ba da makamantansu. Ka kuma je ka faɗa wa oganka gaskiyar abin da ya faru tun kafin a nemi kwafin daren da bai yi ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina koyar da 'yan mata kwamfuta ranar Asabar a Jekadafari nan Gombe, darussana da Hausa nake rubutawa a Markdown, salon da ake sa alamomi don nuna kanu da kaurin harafi, in na tura musu a waya sai su ce Anti menene wannan # da ** ɗin. Kuma ina tsoron ƙ da ɗ ɗina su lalace in na juya.

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri, rubuta darasin kwamfuta da Hausa ba ƙaramin aiki ba ne kuma muna da ƙarancin masu yi. Naki ba pod2text ba ne, pandoc za ki nema, manhaja ce kyauta da John MacFarlane, malamin falsafa a jami'ar Berkeley ta Amurka, ya fara fitarwa a 2006, tana da ta Windows da Linux da Mac. Ki rubuta:

pandoc darasi.md -t plain --wrap=none -o darasi.txt

Wannan --wrap=none ɗin shi ne sirrin, yana hana a karya layi kwata-kwata sai wayar kowace yarinya ta karya daidai faɗin allonta. In bugawa za ki yi a takarda ki cire shi, pandoc zai karya a harafi 72, ko ki zaɓi naki da --columns=60.

Batun ƙ da ɗ da ɓ ki kwantar da hankalinki, pandoc da UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san su, yake karantawa da shi yake rubutawa, ke dai ki tabbatar da UTF-8 kika adana fayil ɗin tun farko. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne adireshin intanet, in kin ɓoye shi a bayan kalma irin [danna nan] to a rubutu zalla kalmar ce kawai za ta fito adireshin ya ɓace, don haka wanda kike so yaran su buɗe ki rubuta shi a fili. Shi ma ɗan'uwanmu na Gwallameji in wata rana zai rubuta POD da Hausa, ya sa =encoding utf8 a can sama kafin =head1 na farko, ya ƙara -u a umarnin, in ba haka ba zai ga ƙorafi a kan haruffan.

TAMBAYA: Yallaɓai na juya shafin man zuwa fayil sai kanun ya fito NNAAMMEE, haruffa bibbiyu. Daga mai gyaran kwamfuta a kusa da kasuwar Wunti.

AMSA: Ba lalacewa ya yi ba maigida, gadon zamanin tafireta ne. Shafukan man, wato bayanin yadda ake amfani da kowane umarni, tun 1971 suke tare da tsarin Unix, a lokacin in ana son harafi ya yi kauri sai a buga shi, a ja baya, a sake bugawa a kansa, to har yau wasu na'urorin haka suke fitarwa, Notepad kuma bai san ja da baya ba sai ya jera maka su biyu. Ka bi da shi ta col ya tace:

man ls | col -bx > ls.txt

Shi -b yana cire ja da bayan, -x kuma yana mayar da tab ya zama fili don layuka su tsaya a inda suke in ka kai firinta. In faɗin ya yi maka yawa kuma Linux kake, ka fara layin da MANWIDTH=60 sannan man ls ɗin ya biyo.