Kada ku cire zancen gudun daga tarihin Hajiya

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makomarta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu natsuwar amsawa, domin abin ya taɓa ni sosai. Kin ce kakarku malamar firamare ce, a ƙuruciyarta kuma 'yar tsere ce, kuna so ku haɗa ɗan littafin tarihinta saboda jikoki, amma wasu manyan gida sun ce a cire zancen gudu da hotunansa. Irin wannan ta faru da mu bayan rasuwar Innarmu, don haka ki yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Inna ta yi WTC ta Kano, wato kwalejin horon malamai mata, ta fito da takardar Grade II. Tana cikin aiki aka ƙaddamar da UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976, yara suka yi ta kwararowa, aji ya cika maƙil, wasu a ƙasa, wasu a gindin darbejiya. Haka ta yi ta fama har ta cika shekara 35 ta ajiye aiki. Mu 'ya'yanta abin da muka sani ke nan: hannu kullum da farin alli, littattafan yara a kan tabarma bayan isha'i, ga usur rataye a ƙusa domin ita ce malamar wasanni. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa gaya mana cewa ita kanta ta yi gudu ba.

Sai bayan sadakar bakwai, da muka buɗe adakarta don rabon kaya, muka tarar da ɗan kofi ya yi baƙi a naɗe cikin tsohon kallabi, da takardar shaidar ta zo ta ɗaya a tseren yadi 220, da hoto guda. 'Yan mata huɗu ne a jere, ba takalmi, ita ce a ƙarshe riƙe da sandar tsere, tana dariyar da ban taɓa gani a fuskarta ba. Na daɗe zaune da hoton nan a hannu.

Kawunmu, ƙaninta, shi ya fara cewa a mayar da shi cikin adaka. A ganinsa mace mai hajji, mai jikoki, bai dace a nuna ta da gajeren siket ba. Ban ga laifinsa ba, kishin 'yar'uwarsa yake yi. Ni dai na roƙe shi ya ba ni lokaci in je in ga ƙawarta ta makaranta, wata tsohuwa da ta zo mana gaisuwa.

Wannan ziyarar ce ta canza komai. Da farko na yi kuskuren da kowa ke yi, na ce, “Mama, wace irin mutum ce Inna?” Ta ce mai haƙuri ce, mai zumunci, Allah ya jiƙanta. Shi ke nan, zance ya mutu. Da na miƙa mata hoton kuwa, sai ta gyara zama. Ta nuna kanta, ta biyu daga hagu. Ta ba ni labarin yadda suke shata layin fili da toka, yadda ake zuba musu garin gulukos a tafin hannu su lashe bayan tsere, da yadda kullum Inna ake ba wa zangon ƙarshe domin ko an bar su a baya ita ke kamowa. Daga nan ta shiga abin da ya fi muhimmanci. Ashe da Inna ta zama malama, gida-gida take bi tana roƙon iyaye maza su bar 'ya'yansu mata su shiga wasanni, ta ɗinka musu dogon wando da kuɗinta, ta yi alkawarin ita da kanta za ta rako su gida kafin magariba. Yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta, idan ta ciwo wa makarantar kofi, sai Inna ta samu bakin magana a wajen uban. Da yawa ta haka suka gama aji shida. A 1977, da Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa, wadda gwamnatin Gowon ta soma a Legas a 1973, Inna ta shiga mota ta je kallo a filin wasa na Ahmadu Bello, ta dawo tana ba ɗalibanta labari har ƙarshen zangon karatu.

A nan na gane wani abu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. A 1996, lokacin da Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a gasar Olamfik ta Atlanta ta ciwo wa Najeriya zinare, duk sa'ad da aka maimaita shi a talabijin sai Inna ta bar abin da take yi ta tsaya, har na ga tana share ido da gefen mayafi. Mu a lokacin zinaren ƙwallon ƙafa ne ya ɗauke mana hankali, ba wanda ya tambaye ta dalili.

To kin ga, da mun cire gudun, da mun cire rabin malantar tata. Wannan na je na faɗa wa Kawu, a ɗakinsa, ba a gaban jama'a ba, kuma na tafi da yayanmu da ya yi karatun addini. Shi ya tunatar da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce labari a rubuta, hoto ne dai bai yarda ba. Muka tsaya a nan. An rubuta labarin dalla-dalla, aka sa hoton kofin da takardar da usur ɗin, hoton 'yan matan kuma muka wanke wa 'ya'ya da jikoki mata kowa nata, ba a buga shi ba, ba a kuma sa shi a Facebook ba. Har yau ina ganin daidai muka yi, domin akwai mata uku a ciki da ba mu da ikon yaɗa hotonsu.

Shawarata ke nan gare ku. Ku raba zancen labari da zancen hoto, za ku ga manyan sun sauko. In za ku je wajen tsofaffi, ku tafi da wani abu nata a hannu, ku kunna rikodin waya da izininsu, ku yi ƙananan tambayoyi: wa ya kai ta makaranta, me take yi wa yaron da ya zo ba karin kumallo, wane suna ɗalibai ke kiran ta da shi a ɓoye. Ku nemi tsofaffin ɗalibanta, su ne ke da labarin da 'yan gida ba su sani ba. Ku bar jikoki su rubuta nasu da bakinsu, kada a gyara musu. Littafin kuma kada ya sha gaban sadaka. Mu ragowar kuɗin bugu benci muka saya wa ajin da ta fi daɗewa a cikinsa, muna fatan ladan ya isa gare ta.

Abu ɗaya da nake roƙon ki, ki fara da wadda ta fi kowa tsufa cikin ƙawayenta, kuma cikin makon nan. Tsohuwar da na gaya miki ta ce in dawo bayan Sallah za ta faɗa mini sunayen sauran biyun da ke hoton da garuruwan da aka kai su aure. Kafin in koma ta rasu. Allah ya jiƙansu gaba ɗaya, ya haɗa su da Hajiyarku a Aljannar Firdausi.