Zan iya yi wa bayan Hilux ɗina fentin kariya da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux da nake dakon buhunan taki da masara da ita, ranar kasuwa har da awaki. Fentin cikin bodin baya ya goge, tsatsa ta fara cin kusurwoyi. Na ga wani baƙin fenti mai kauri da kaushi, wai Raptor. Zan iya yi da kaina a gida, ko sai na kai wa mai fenti? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, za ka iya, amma ka ware yini biyu. Fesawar kanta ba za ta ci maka fiye da awa biyu ba, sauran lokacin duk a gurza zai tafi, kuma a nan ne aikin mutane yake lalacewa. Duk bodin da na gani fentinsa yana ɓarewa kamar ɓawon rogo, in ka ɗaga ɓawon za ka tarar tsohon fentin da ke ƙasa yana ta ƙyalli, sanfefa ba ta taɓa shi ba.

Irin kayan da kake ɗauka ne ya jawo maka tsatsar. Takin zamani, musamman yuriya, yana jan danshi, ga fitsarin awaki yana kwanciya a lungu. Saboda haka fara da wanki na gaske da omo, ka bari ya bushe sarai. Sai ka goge maiƙo da tina. Kada ka yi da kananzir ko gas, su kansu maiƙo suke bari. Daga nan ka ɗauki sanfefa lamba 120 zuwa 180. Ba cire fentin kamfani za ka yi ba, ƙyallinsa za ka kashe har ya yi dushi-dushi, sabon fentin ya sami wurin kamawa. Ka bi kwarin da ke tsakanin layukan ƙasan bodi da yatsa, ka bi bayan tudun taya, nan ne hannu yake ƙyuya.

Inda tsatsa ta ci kuwa, sai burushin waya har ka ga farin ƙarfe, sannan ka sa masa firaima ta epoxy, wato fentin farko da ake shafa wa ƙarfe, kafin komai ya hau. Wanda ya fesa fenti mai kauri a kan tsatsa ya ɗaure gyambo ne bai wanke ba, za ta ci gaba da cin ƙarfen a ƙasa ba ya gani. In ka danna sukudireba ta huda, tsaya, wannan aikin mai walda ne tukuna.

Raptor na kamfanin U-POL haɗi biyu ne. Kwalin yakan zo da kwalba huɗu, kowacce mililita 750, da lita ɗaya ta ruwan da ke sa shi ƙarfi, wato uku da ɗaya. Za ka zuba kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan a kwalba ɗaya, ka girgiza minti biyu cif. Daga wannan lokaci agogo ya fara tafiya: kamar awa ɗaya gare ka a yanayin digiri 20. A zafin Afrilu namu da ke haura 40, zai daskare maka tun kafin nan. Don haka kwalba ɗaya-ɗaya za ka riƙa haɗawa, kuma da sassafe, a inuwa. Ƙarfen da ya sha rana har ba ya taɓuwa da tafin hannu ba a fesa shi. In hunturu ne, yayyafa ruwa a ƙasan wurin ƙura ta kwanta, ba a kan motar ba.

In kana da kwamfuresa, bindigar fesa fentin tana ɗauruwa ne a bakin kwalbar kai tsaye, ƙarfin iska tsakanin 40 da 60 a ma'aunin psi. Gwada a kan kwali tukuna ka ga kaushin da kake so. Shafi biyu marasa kauri, da tazarar awa ɗaya, sun fi lafta shi sau ɗaya. Fara da bango, ka ƙare da ƙasa kana ja da baya, kada ka rufe kanka a ciki. Salatif da jaridar da ka rufe gefen mota da su, cire su fentin yana ɗanye. In ya yi ƙarfi, sai da reza. Ka duba ramukan da ruwa ke fita ta nan, kada su toshe.

Ga abin da ba na wasa da shi. Ruwan haɗin nan yana ɗauke da sinadarin isosayanet, wanda shaƙarsa kan jawo asma, wani lokaci ta zauna wa mutum har abada. Takunkumin zamanin korona ba ya tare shi, balle ƙyalle a hanci. A gareji na ƙa'ida, abin rufe fuska mai kawo iska ta tiyo ake sawa. In ba ka da irin wannan kariya, ni dai shawarata ka yi da rola mai kaushi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu, yara kuma su yi nisa. Ba zai yi kyan na bindiga ba, amma zai kare ƙarfen. In kuma kyan kake so, yi gurzar da kanka, ka kai wa mai fenti ya fesa, kuɗin aikin zai ragu.

Cikin awa ɗaya zai bushe a hannu, kada wannan ya ruɗe ka. Kwana uku kada ruwa ya taɓa shi, buhunan taki kuma su jira mako guda. Ranar awaki ka shimfiɗa musu tabarmar roba, in kun dawo ka ɗage ta ka watsa ruwa a ƙasan.