Ku Tambaya, Masu Sana'a Su Amsa: Littafi, Fim da Waƙa a Maraɗi

Wasiƙun wannan fitowa sun fi karkata ga rubutun Hausa da harkar fim. Mun raba su ga masu sana'ar: mai tace rubutu, ma'aikacin maɗaba'a, mai ɗaukar sauti, da masanin haƙƙin mawallafa. Ga abin da suka ce.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Tunda aka ce Hausa ta zama harshen ƙasa na zage na rubuta labari. To da wace ƙa'ida zan rubuta, ta Nijar ko ta Najeriya? Kuma laifi ne in sa Hausarmu ta Maraɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne, kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Sai dai kundi ba ya gyara wa marubuci rubutunsa, wannan aikin hannunki ne.

Ƙa'idar ba ta rabu biyu yadda ake zato ba. An zauna a kanta a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun ƙasashen biyu, sannan Nijar ta fitar da tata dokar ta haruffa a 1999. Bambancin da ido zai fara gani guda ne: mu muna rubuta ƴaƴa da ƴanci da y mai lanƙwasa, a Najeriya kuma ana sa waƙafin sama kafin y. Zaɓi ɗaya, ki tsaya a kansa tun shafin farko har na ƙarshe.

Abin da ya fi ɓata rubutun ƴan Nijar shi ne hannun lakwal. An saba da ou da tch da dj, sai ki ga an rubuta "tchiniki" maimakon ciniki, "doutsi" maimakon dutsi. Ki share wannan gaba ɗaya. Na biyu, lanƙwasa. Ƙafa ba kafa ba ce, baƙi ba baki ba ne, kuma wanda ya rubuta "kasa" yana nufin ƙasa ya mayar da ita gazawa. Na uku, raba kalma da haɗa ta. Wakilin suna ba ya mannewa da aikatau: ya tafi, ta ce, sun zo. Gajeriyar mallaka tana mannewa, gidansa, rigarta. Doguwa kuwa zaman kanta take, gidan nasa. "Ba shi" daban, "bashi" daban, kuma mai bin ki bashi ya san bambancin.

Idan da kwamfuta kike aiki, a Word ki buga lambar harafin, sannan ki danna Alt da X tare: 0199 zai ba ki ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ, 01B4 kuma ƴ. Manyansu 0198, 018A, 0181 da 01B3. Ki bar tazara kafin lambar, domin in ta manne da harafi kamar a ko d, Word zai haɗa su ya ba ki wani abu daban. A waya, ki ƙara allon Hausa a Gboard.

Batun karin harshe kuwa, ra'ayinmu a fili yake: muryar mai ba da labari ta tafi da daidaitacciyar Hausa, bakin taurarin labarin ya tafi da Hausar garinsu. Tsohuwar Maradawa ta ce "tahi", "shina zuwa", "ɗiyata", "yaron ga", a bar mata abinta, nan ne gishirin labarin yake. Amma in kika zuba karin ko'ina, mai karatu a Zariya ko Kumasi zai gaji tun bai yi nisa ba. Tunda mace ce ke, ki sa ido kan gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016. Labarin da suke karɓa gajere ne, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma wanda ya zarce adadin tun a ƙofa yake faɗuwa.

TAMBAYA: Malamin makaranta ne ni a Tasawa. Ina da labari mai kalma kusan 30,000, ina son buga kwafi 500. Me zan kai maɗaba'a, kuma ta yaya zan gane lissafin da za a yi mini?

AMSA: Malam, ka fara da lissafin takarda, shi ne ƙashin bayan kuɗin. Shafin A5 mai harafi girman 11 ko 12 yana cin kalma kamar 250. Kalma 30,000 ke nan shafi 120. Ƙara shafin suna, sadaukarwa da makamantansu, ka cike 128, domin injin babban bugu yana aiki da ƙunshin shafi 16 ne, kuma 128 ƙunshi takwas ne cif. Takardar A4 ɗaya in an ninke ta shafi huɗu ce, don haka kowane kwafi na cin takarda 32. Kwafi 500 takarda 16,000 ke nan, wato rim 32. Sa rim biyu a kai saboda ɓarnar gwaji. Da wannan a hannunka, duk farashin da aka faɗa maka kana iya tambayar nawa ne takarda, nawa ne bugu, nawa ne ɗauri.

Ciki a yi shi da takarda mai nauyin giram 80. Mai 60 ta fi araha amma rubutun bayanta yana leƙowa. Bango giram 250 zuwa 300, a shafe shi da leda, in ba haka ba gumi da ƙurar hunturu za su cinye shi a teburin mai sayarwa. Hoton bango ya kai ɗigo 300 a kowane inci, a tsarin launin bugu na CMYK, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba ya yin bango, an riga an matse shi. Ƙeyar littafi mai shafi 128 a wannan takarda ba za ta wuce milimita 6 zuwa 7 ba, sai a yi sunan da ƙaramin harafi.

Kada ka kai fayil ɗin Word. Kwamfutar maɗaba'a in ba ta da samfurin harafin da ka yi aiki da shi, za ta musanya shi da nata, shafuka su goce, ƙ da ɗ su koma ƴan akwatuna. Ka yi amfani da samfurin da ke ɗauke da lanƙwasa, irin Charis SIL ko Andika ko Noto, duk kyauta ne, ka mayar da aikin PDF wanda harafin ke ƙunshe a cikinsa. Ka nemi a buga maka kwafi ɗaya na gwaji, ka karanta shi da biro a hannu, ka sa hannu a kai kafin a saki inji. Ka kuma tanƙwara shi sosai ka gani: gam mara kyau yana bushewa a zafin Afrilu, shafuka su riƙa zubewa. In hali ya yi, a ɗinke kafin a manne.

TAMBAYA: Mu matasa ne a Bagalam, muna shirya fim mai dogon zango muna sawa a YouTube. Hotonmu ba laifi, amma mutane suna cewa ba su jin magana. Ina matsalar take?

AMSA: Ƙanena, matsalar ba ta wuce tazara ba. Makirfon da ke jikin kamara ko waya yana ɗaukar abin da ya fi kusa da shi da abin da ya fi ƙara, wato numfashin mai ɗauka da kabu-kabun da ke wucewa. Duk lokacin da ka ninka tazarar baki da makirfo, ƙarfin muryar yana raguwa da desibel 6, hayaniyar titi kuwa tana nan yadda take. Makirfon kan sanda ya kasance sama da kan mai magana, yana kallon bakinsa, kada ya wuce rabin mita. Na maƙalawa a riga kuma ya zauna kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Shadda mai sitati tana kuka, mayafi yana goga, don haka a manne wayar makirfon da filasta ta ciki, a gwada motsi kafin a fara.

Wani ya sa abin sauraro a kunne tun farkon ɗauka har ƙarshe, aikinsa ke nan kawai. Allurar sauti ta riƙa kaiwa wajen 12 ƙasa da sifiri. In ta taɓa sifiri muryar ta fashe, kuma ba mai haɗa ta a wajen montaj. A saita ingancin sautin na'urar a kan kilohaz 48. In na'urar sauti daban take da kamara, a tafa hannu sau ɗaya gaban kamara a farkon kowace ɗauka, da wannan ake daidaita baki da murya. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi shiru a ɗauki minti ɗaya na shirun wurin. Da shi ake cike gurbin da aka yanke, don kada sauti ya riƙa tsalle.

Ɗakin siminti da ba kaya a ciki yana amsa kuwwa: shimfiɗa tabarma, rataya barguna a bangon da kamara ba ta gani. Kashe fanka da firji. Gurup, wato injin wuta, a kai shi bayan katanga, a jawo doguwar waya. A waje, soson makirfo ba ya tare iskar hunturu, sai rigar nan mai gashi. Ku kuma tsara ɗauka da lokutan kiran salla da injin niƙan unguwa a zuciya.

Abu ɗaya game da hoton da kuka ce ba laifi. Kuran ɗinmu yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa kuke ganin layi na gudu a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ku mayar da shi 25.

TAMBAYA: Ɗan Maraɗi zai iya kai fim FESPACO? Daga wani mai karatu a Tibiri.

AMSA: Ƙwarai. Ana yin wannan biki na fina-finan Afirka a Wagadugu tun 1969, yanzu duk bayan shekara biyu. Karo na 29 aka yi a 2025. Ɗan Nijar ne ma, Umaru Ganda, ya fara ɗaukar babbar kyautar a 1972. Inda fim ɗin Hausa ke tuntuɓe shi ne fassarar ƙasan hoto. A yi ta da Faransanci mai kyau, layi biyu iyaka, kowane layi kada ya wuce harafi 42, ya zauna daƙiƙa ɗaya zuwa shida. A ajiye ta a fayil na daban, SRT, a kuma ajiye kwafin fim da ba rubutu ko tambarin tasha a jikinsa. Kada ka yi gaggawar sa shi a YouTube, bukukuwa da yawa ba su karɓar fim da ya riga ya fita. Don takardu, ka tuntuɓi cibiyar fim ta ƙasa, CNCN, a Yamai.

TAMBAYA: Na rera waƙa a fim ɗin wani, an ba ni jaka goma. Yanzu waƙar ta bazu, ya sa ta a tasharsa, ni kuma da na sa a tawa aka toshe. Wa ke da ita? Daga wata mawaƙiya a Sabon Gari.

AMSA: Ƴar'uwa, waƙa ɗaya tana da masu haƙƙi har huɗu: wanda ya rubuta baitoci, wanda ya tsara kiɗa, wanda ya rera, da wanda ya biya kuɗin situdiyo. Haƙƙin mawallafi yana tabbata ne tun ranar da aka ƙirƙiri aikin, ba sai an yi rajista ba. Rajista hujja ce ranar gardama. Toshewar da kika gani aikin na'urar YouTube ce, wadda ke bin wanda ya fara shigar da sautin a matsayin nasa, ba hukuncin alƙali ba ne. Akwai wurin ƙalubalanta, amma zai nemi hujja.

Ki tattara abin da kike da shi: rubutun baitocin, muryar gwaji da ke wayarki mai kwanan wata, saƙonnin da kuka yi musaya, da wanda ya shaida biyan jaka goman. Ki kai wa BNDA, ofishin ƙasa mai kula da haƙƙin mawallafa, ki yi rajistar kanki da waƙoƙinki. Kafin nan ki aika masa babban da yake jin nauyinsa, sau da yawa a nan ake gamawa. A gaba kuma kada ki shiga situdiyo sai da takarda ko da shafi ɗaya ce: sunan waƙa, wanda ya rubuta, ko kuɗin na rerawa ne kaɗai ko har da mallaka, inda aka yarda a sa ta, tsawon shekara nawa, kason kowa in ta kawo kuɗi, da yadda za a rubuta sunanki a fim. Ku biyu ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.