Na ɗauko hoton kyauta a intanet na yi masa editin don talla, akwai laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni sana'ata haɗa fosta da talla a kwamfuta. Wani kwastoma mai sayar da man shafawa ya bani aiki, sai na shiga Pexels, wani shafin hotunan kyauta a intanet, na ɗauko hoton wata mata, su da kansu sun rubuta kyauta ne har kasuwanci ana iya yi da shi. Na goge ƙurajen fuskarta na ɗan ƙara mata haske, na ajiye asalin hoton a gefe ɗaya gyararren a ɗaya gefen, na rubuta "kafin" da "bayan sati biyu" kamar yadda ya ce. Kwalbar ma ta wani hoton ce na liƙa sunan kayansa a jiki. Abokina yace za a iya kai ni kotu, wani ustaz kuma yace ba komai tunda haƙƙin mallakar hoto dokar Turawa ce babu ita a Musulunci. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya yi wa sana'arka albarka. Toh ɗauko hoton ba shi ne matsalarka ba. Pexels da Pixabay da Unsplash duk lasisinsu ya yarda ka sauke hoto, ka gyara shi, ka yi kasuwanci da shi ko baka ambaci mai ɗaukar ba, wanda ya yafe haƙƙinsa kuwa ya yafe, shikenan. Da fure ka ɗauko ko teburi ko sararin sama ka canza kala ka ɗora sunan kaya, da layi ɗaya zan baka amsa ince halal ne.

Inda hukunci ya juya shi ne kalmomin nan da ka rubuta, "kafin" da "bayan sati biyu". Wannan matar bata taɓa ganin man nan ba balle ta shafa, ƙurajen kai ka goge su da hannunka, amma duk wanda ya kalli fostar abin da zai fahimta shi ne man ne ya yi aikin. Wannan algus ne, kuma shaidar zur ce da ka sa a fuskar baiwar Allah. Hadisin algus kowa ya san shi. Abin da ya fi kama da aikinka a fiƙihu shi ne musarrat, dabbar da ake ƙin tatsa kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci haka take bada nono kullum, Annabi (SAW) ya hana, ya kuma ba mai saye zaɓin mayarwa. Kaga a can ma mai dabbar bai furta ƙarya da baki ba, ido kawai ya yaudara. Kwalbar ma haka take, in ta hoton ta fi ta kwastomanka girma ko kyau ko kama da ta wani kamfani da aka sani, duk wanda ya saya saboda ita yana da haƙƙin mayarwa.

Abokinka kuma yana da gaskiya. Abin da yawancin masu dizain basu gane ba, a hoton mutum haƙƙi biyu ne. Akwai na mai kyamara, akwai na mai fuskar. Lasisin kyauta na farkon kawai ya sauke maka, mai kyamara bashi da ikon yafe abin da ba nasa ba. Kamfanonin da ke sayar da hoto da kuɗi sukan nemi takardar amincewa da sa hannun wanda aka ɗauka kafin su ce a yi talla da shi, shafukan kyauta kuwa basa baka wannan tabbacin, hasali ma kowa na iya ɗora hoto, har wanda ya sato na wani. Kuma ka koma ka karanta lasisin Pexels ɗin da kake kafa hujja da shi, a ciki suka rubuta kar a nuna kamar mutumin da ke hoton yana tallata kayanka, kar kuma a fito da wanda za a iya ganewa ta hanyar da zata zubar masa da mutunci. Wato sharaɗin da aka baka hoton a kansa ma ka karya shi, musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. A 2007 kamfanin Virgin Mobile na Ostiraliya ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar Texas daga shafin ɗora hotuna na Flickr, hoton yana da lasisin Creative Commons (izinin da mai hoto ke ba kowa ya yi amfani da shi bisa wasu sharuɗɗa) da ya yarda da kasuwanci, suka buga shi a allunan talla da rubutun zolaya, iyalinta suka kai ƙara a Amurka. An kori ƙarar a 2009 saboda kotun ta ce bata da hurumi kan kamfanin, bata ce abin da suka yi daidai ne ba. In kuma hoton ya zamo na sata ne, a dokar Amurka diyyar keta haƙƙin mallaka da gangan tana iya kai dala 150,000 a kan aiki ɗaya mai rajista. Dokoki sun bambanta ƙasa zuwa ƙasa, wannan ɓangaren lauya ake tambaya.

Sai maganar ustaz, ita ce nake so in tsaya a kai don ta yawaita a bakin matasa. Eh akwai malaman da suka ce haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira ba dukiya bane, ba zan ɓoye maka ba. Hujjarsu ita ce ba abu ne da ake riƙewa a hannu ba, kuma kwafa bata rage wa mai shi komai, kuma magabata sun kwafi littattafan juna babu wanda ya nemi kuɗi, sannan ga hadisin da ya yi gargaɗi kan ɓoye ilimi. Amma ra'ayin yana da rauni. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya duk suna ɗaukar amfani a matsayin dukiya ko da ba a taɓa shi da hannu, shi yasa haya ta halatta, shi yasa Annabi (SAW) ya aurar da mace a kan abin da mai neman aurenta ya haddace na Alƙur'ani, Annabi Musa kuma ya yi aikin shekara takwas ko goma a matsayin sadaki. Cewa kwafa bata rage komai shima ba haka bane, mai ɗaukar hoton ya sayi kyamara ya ɓata lokaci, abincinsa yana cikin izinin da yake sayarwa, in kowa ya ɗauka ba izini me ya rage masa? Magabata kuwa a zamaninsu mai kwafa da hannu shi ke shan wahalar, babu injin da zai buga dubu a yini, kuma duk da haka basu taɓa yarda a jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba, ilimin isnadi, wato bin silsilar waɗanda suka ruwaito magana, kacokan a kan haka ya tsayu. Hadisin ɓoye ilimi yana magana ne kan wanda aka tambaya abin da mutane ke buƙata ya ƙi faɗa, ina ruwansa da hoton fuskar mace a tallar mai? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne na masu su, shari'a ta kare su, bai halatta a keta ba. In kuma nufin ustaz ai masu hotunan ba musulmi bane, to Mugira ɗan Shu'uba ya zo da dukiyar da ya ƙwace ta hanyar yaudara kafin ya musulunta, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa ya ce dukiyar babu ruwansa da ita, yana cikin Bukhari. Kai kanka gobe wani ya ɗauki fostar da ka kwana kana haɗawa ya goge sunanka ya sayar, bana jin zaka ce dokar Turawa ce. Kuma ko mun sallama wa ustaz duk maganarsa bata cece ka ba, don shi yana magana kan haƙƙin mai kyamara ne, kai kuma laifinka yana wajen matar da masu saye.

Abu ɗaya baka tambaya ba amma dole in faɗa. Baka gaya min yadda shigar matar take ba, in akwai tsiraici ko ado da ake jan ido da shi to wannan haramci ne daban ko da ta sa hannu a takarda goma. Saɓanin malamai kan hoton kyamara kuwa sananne ne, ni ina tare da masu sauƙaƙawa in da buƙata. Ƙara hasken nan ma ya dame ni, kana gaya wa 'yan mata kalar da Allah ya basu ciwo ce da ke neman magani, kuma ka tambayi kwastomanka me ke cikin man, don irin waɗannan mayukan an sha samun sinadarai masu cutarwa kamar makuri (mercury) a cikinsu.

Na lura ka ce "kamar yadda ya ce", kamar kana neman ka sauke nauyin a kansa. Shi yafi ka laifi, amma hannunka ne ya yi, kuma in takardar lauya ta zo zai iya cewa shi dai dizain ya biya bai san inda ka samo hoto ba. Ka kira shi yau a sauke fostar, ka sake masa wata da hoton kwalbarsa ta gaskiya ko da waya aka ɗauka, in yana son "kafin da bayan" ya kawo wanda ya yi amfani da man da gaske ya yarda a rubuce. Nan gaba ka riƙa ajiye sikirinshot na shafin hoton da lasisin da ranar da ka sauke, ka duba hoton a Google Lens ko TinEye, masu binciko inda hoto ya fito a intanet, ka ga ko na wani ne, in ka ga NC a lasisin Creative Commons to ba na kasuwanci bane, ND kuma ba a yarda ka yaɗa gyararre ba. Ka guji hoton da tambarin wani kamfani ya fito a ciki ko na yara.

Kuɗin da ka karɓa, in ka sake masa aikin mai tsafta ba tare da ƙarin caji ba to sun zama ladan wannan aikin, ka ci abinka. In ya ƙi a sauke, ka janye hannunka, ka fitar da kason fostar nan ka bayar ga mabuƙata, ka yi istigfari, kar ka sake karɓar irin aikin daga wajensa. Wallahu a'alam.