Ɗakin ajiya a lambu: a sayi na ƙarfe ko a gina?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa lambun albarka, ya kawo kasuwa.

Ka ce lambunka yana ta wajen Pitowa, ka gaji da jigilar injin ban-ruwa da tiyo da buhunan taki a kan babur safe da yamma. Wani mai walda a Garwa ya yi maka tayin ɗakin ƙarfe gamamme, a ɗora a mota a sauke maka a lambu, kana neman shawara ko ka saya ko ka gina. Ka kuma ce kana so ka riƙa ajiye albasa a ciki har ta yi daraja.

Ni dai in filin naka ne, gini nake ba ka shawara. In na haya ne ko na aro, to a nan ɗakin ƙarfe yake da magana. Albasa kuwa kada ta kwana a cikin ƙarfe ko da kyauta aka ba ka shi. Ni ma aikin lambu nake yi a bakin Binuwai, kuma duka iri biyun na gan su a hannuna da hannun maƙwabta.

Ba ka faɗa mana filin na wa ne ba, kuma daga nan ya kamata a fara. Yawancin fadamun nan ba su da takardar mallaka. Wani gado ne, wani jauro ko lawan, wato masu sarautar ƙauye, ne ya nuna wa mutum, wani kuma haya ce ta rani ɗaya. A dokar filaye ta Kamaru ta 1974, filin da ba shi da takarda yana cikin filayen ƙasa ne, wanda ke kai yana da ikon amfani kawai. Saboda haka mutane suke tsoron gini a filinsu. Mai fili zai bar ka ka kafa rumfa shekara goma bai ce uffan ba, amma ranar da ya ga an sauke bulo da siminti zai ɗauka kana shirin cin filin ne. Ko ya tashe ka, ko ya jira ka gama ya ce 'ya'yansa za su noma bana, ɗakin ya zama nasa. In kana so ka gina a filin da ba naka ba, ku je gaban jauro da shaidu a rubuta shekara nawa za ka yi, da abin da zai faru da ɗakin in ka tashi. In mai filin ya ƙi a rubuta, ka sami amsarka, sayi abin da za ka iya ɗagawa ka tafi da shi.

Sai maganar zafi, wadda mai walda ba zai kawo maka ita ba. Ka san yadda Maris da Afrilu suke a Garwa, zafi yana wuce digiri 40 a inuwa. Ɗakin ƙarfe da yake tsaye a fili, ba bishiya, ba taga, tanderu ne. Akwai maƙwabcina da yake da irinsa, fentinsa shuɗi mai duhu. Na taɓa tsayawa kusa da shi ya buɗe bayan azahar. Sai da ya naɗe hannu da gefen riga kafin ya kama kwaɗon. Jarkar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, da ya bari a ciki ta kumbura ta yi tulu, warin fetur ya cika ɗakin, tiyon roba ya yi laushi har ya manne da junansa inda aka naɗe shi. Irin albasa da ya ɗaure a leda ya rataya a jikin bango, da lokacin reno ya zo, fitowarsa ba ta kai rabi ba. Dama irin albasa ba ya jimiri, ko a wuri mai sanyi ba ya son ya wuce shekara, balle a wannan wuta. Maganin feshi ma yawancinsa a jikin kwalbar an rubuta a ajiye shi wuri mai sanyi, nesa da rana.

Da damina kuma ƙarfe yana zufa. Da asuba za ka ga ruwa yana ɗiga daga rufin ta ciki alhali ba a yi sama ba. Takin yuriya yana jan laima, ya dunƙule ya zama dutse, ruwan da ya tsatso daga buhun kuma ya ci ƙarfen daɓen. Daga ƙasa waɗannan ɗakuna suke fara mutuwa, kusurwa ta yi tsatsa ta ɓule, ɓera ya sami ƙofa.

Ba ina cewa ɗakin ƙarfe ba shi da amfani ba. Yau ka biya, gobe ka kulle kayanka. Gara ba ta cinsa. In ka bar lambun za ka sayar da shi ga mai shago ko mai cajin waya ka mai da wani abu daga kuɗinka, abin da bangon ƙasa ba zai taɓa yi maka ba. In shi ɗin za ka saya, ka dubi kaurin farantin, ka danna da tafin hannu, in ya lotsa ya yi ƙara ka bar shi. Ka sa a yanka tagogi biyu masu fuskantar juna a can sama, a sa raga da sanduna. A yi masa farin fenti. A ɗora shi a kan bulo, kada ya zauna a ƙasa, a kuma ɗaure ƙafafunsa da siminti, domin yadda aka kawo shi a mota haka wasu za su iya ɗauke shi a mota. Sannan ka kafa rumfar zana a samansa, da tazara tsakaninta da rufin yadda iska za ta ratsa, ko ka ajiye shi gindin darbejiya. Ka haɗa kuɗin duk wannan da kuɗin mota kafin ka ce ya fi gini araha.

In gini ne, ga yadda zan yi in ni ne kai.

Kafin ka kira magini, ka nemi tsofaffin wurin ka tambaye su inda ruwa ya tsaya a 2012, shekarar da Binuwai ya yi ambaliya aka saki ruwan madatsar Lagdo, da kuma inda ya kai a 2022. Za su nuna maka a jikin bishiya. Ɗakin ya zauna sama da wannan alama, ko da zai yi nisa da rijiya. Tafiyar taku hamsin da tiyo a kafaɗa ta fi sauƙi a kan ka wayi gari bango ya narke a kan injinka.

Ka kuma dubi ƙasar. In baƙar ƙasar karal ce, irin wadda ake dasa masakwa, wadda take dararrewa da rani har ƙafa ta shige, to ita tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma duk abin da aka ɗora mata sai ya motsa tare da ita. Bulon siminti ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi daga tushe har sama. A irin wannan wuri sai an haƙa tushe da zurfi, an zuba yashi da tsakuwa an daɓe, an yi ɗaurin rodi ƙasa da sama. In aljihu ba zai ɗauki wannan ba, ka nemi jigawa ko wuri mai marmara a gefen filin.

Mutane da yawa in an ce gini sai hankalinsu ya tafi ga bulo tun daga ƙasa har rufi, su lissafa su ga ya fi ƙarfinsu, su koma wa ƙarfe. Bari mu lissafa tare. Ɗaki mita 3 a mita 3, tsayi mita 2 da 'yan kai, in ka cire ƙofa bangon zai kai murabba'in mita 24. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayi 20 yana cin 12 da rabi a kowane murabba'in mita, ka ga kusan bulo 300 ke nan. Amma layi ɗaya na kewayen ɗakin bulo 30 ne kacal. Layi uku, bulo 90, sun ɗaga ka sama da gwiwa, sun raba bango da laimar ƙasa da fantsamar ruwan sama. Daga nan zuwa sama ka ci gaba da tubalin ƙasa, wanda kai da yaranka za ku iya bugawa a bakin lambun, ruwa na kusa, ƙasa kyauta. Siminti na Figil ne ko na ina, buhu kaɗan zai ishe ka. Sai dai ka tsaya a kan mai buga bulon. In ya ce zai fitar maka da hamsin a buhu ɗaya, ka ce ba ka so, irin wannan da farce ake kankare shi.

Abin da ya sa nake son bangon ƙasa shi ne kaurinsa yana riƙe zafin rana, ba ya barinsa ya shiga sai dare ya yi, lokacin kuwa iska ta sauko. Ka shiga ɗakin ƙasa da tsakar rana a watan Afrilu, jikinka zai gaya maka. Ƙasar tubali kuwa ka gwada ta da hannu: ka jiƙa, ka murza ta a tafi ta yi tsawo. In ta karye nan take yashi ya yi yawa, in ta yi ta miƙewa tana sheƙi yumɓu ya yi yawa, tubalin zai tsattsage sai an ƙara yashi da ƙaiƙayi. A kwaɓa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin a buga. Yaɓe kuma a yi shi da ƙasa, in ka sami makuba ka zuba. Kada magini ya ruɗe ka da filastar siminti kai tsaye a kan ƙasa. Shekarar farko za ta yi kyau, daga baya ta saki bango, ruwa ya shige ta baya, gara ta yi gida ba ka gani.

Rufi shi ne inda aka fi yin asara. Iskar farkon damina, wadda take zuwa da ƙura kafin ruwa, ita ce ke kwashe kwano. Duwatsun da ake jerawa a sama ba sa hana ta. A dasa rodi siriri a cikin bango tun ana saura layi uku ko huɗu a kai ƙarshe, a fito da shi a naɗe katakon rufin da shi. Kwanon ya zarce bango da rabin mita ta kowane gefe, musamman ta gabas inda ruwa ya fi dukan gini. In ka sami azarar giginya ka yi sa'a, gara ba ta cika damunta ba, amma ta yi wuya yanzu kuma yankanta ba da izini ba yana jawo rigima da ma'aikatan daji. In katakon kasuwa ne ka shafe shi da baƙin mai har ya sha. Ƙarƙashin kwanon a shimfiɗa zana ko kara, a bar 'yan ramukan iska tsakanin bango da rufi, a toshe su da raga.

Yanzu albasa. Ina roƙonka ka raba ta da ɗakin kayan aiki gaba ɗaya. Abin da za a ci ba ya zama ɗaki ɗaya da maganin feshi da fetur. Bayan haka ma buƙatarsu ta sha bamban, inji yana son wuri a rufe, albasa tana son inuwa da iska mai wucewa. Ka jingina mata rumfa a jikin bangon arewa, rufin ciyawa mai kauri, bangon zana ko kara. A ciki a yi gadaje na kara, na ƙasan ya kai gwiwa, a shimfiɗa ta kada ta wuce biyu ko uku a kan juna. Ko Gudami ka shuka ko ta Galmi, ajiya tun daga gona take farawa: a yanke ruwa kafin cira, a bar ganye ya kwanta, wuya ya bushe ya tsuke. Wadda aka ɗura wa yuriya ta yi ƙaton kai da kaurin wuya, sayar da ita tun da wuri, ba ta zama. Duk mako ka shiga ka juya. Hancinka zai riga idonka, in ka ji ɗan tsami ka bi shi, ka danna wuyan kowacce da babban yatsa, mai laushi ka fitar da ita da na kusa da ita. Da haka ne mutum yake kaiwa lokacin da motocin Yawunde da Duwala suke neman kaya ido rufe, maimakon ya zubar a kasuwar Lahadi ta Pitowa lokacin da kowa ya ciro tasa.

Game da ɓarayi, kada ka sa rai da ɗayansu. Ƙarfe ana yanke kwaɗonsa, ƙasa ana haƙa ta. In ba mai kwana a lambun, inji ya riƙa komawa gida, tiyo da fartanya da taki su ne za su zauna. In akwai mai gadi, shi ma ɗakin ƙasa zai iya kwana a ciki, na ƙarfe kuwa ba zai iya ba.

Lokaci kuma, ba a fafe gora ranar tafiya. Tubali da hunturu ake bugawa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rufi ya hau kafin ƙarshen Afrilu. In damina ta riga ta kama ka, ka yi haƙuri da rumfar zana da babur ɗinka zuwa kaka.

Mai waldan nan kuwa kada ka sallame shi, aikinsa yana nan. Ka ba shi ƙofa: ƙarfe mai kauri, firam da kunnuwa dogaye da za a binne cikin gini, maƙalai ta ciki, da ɗan akwati da zai rufe kwaɗon yadda almakashin ƙarfe ba zai kai gare shi ba. Faɗinta ya isa baro ya shige da inji a kai. Ka karɓo ta tun kafin magini ya fara, a gina bangon a jikinta, domin ƙofar da aka fasa bango aka cusa daga baya da ƙafa ake ɓalle ta. Ka gaya mana filin naka ne ko na haya, da irin ƙasar wurin, sai mu ga ko akwai abin da za a canza a lissafin. Allah ya taimaka.