Kada ka cinna wa buntun nan wuta

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce man gas ya cinye ribar ƙaramin injinka na casar shinkafa, manyan kamfanoni sun karya farashi, ga buntu ya yi tsibi a bayan shago har kana tunanin ƙone shi. Don Allah ka dakata.

Na daɗe a wannan sana'a a yankin Kura, kuma shawarata ita ce ka fara duba injin naka. Yawancin ƙananan injinanmu suna fitar da buntu da dusa a gauraye, kuma nan asarar take. Buntu ya kai kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, ga kaushi, ba ya ƙosar da dabba. Dusa mai laushi kuwa mai ne a cikinta, masu kaji da masu turkar raguna nemanta suke yi ido rufe, musamman gabanin babbar salla. In buntu da dusa suka haɗu, farashin shara za a ba ka. In da hali, ka samu injin da ke ɓarza daban, gogewa daban. In babu, ko da rariya ce a tankaɗe. Sai dai dusa ba ta son ajiya, tana saurin canza wari, balle ta shinkafar da ba a turara ba. Ka samu mai ɗauka duk mako.

Shi buntun, matan da ke turara shinkafa suna kashe kuɗi sosai a itace, alhali akwai murhun da ke cin buntu. Masu gidan kaji ma suna shimfiɗa shi a ƙasa, in sun share ya zama taki, manoman da ke kawo maka shanshera su saya. Tsakin kuma, wato shinkafar da ta kakkarye, ka ware shi, masu waina da tuwo ne kasuwarsa. Barin sa cikin buhu yana karya darajar shinkafar gaba ɗaya.

Ba za ka fi babban kamfani ƙyallin shinkafa ba, wannan ka cire shi a ranka. Amma ni, da dusa ta fara kawo kuɗi, sai na rage kuɗin casa ga duk manomin da ya yarda ya bar min dusarsa, kuma da haka na riƙe masu kawo min aiki. Ka gaya mana irin injin naka, da ko kana turarawa da kanka, sai mu ga ta inda za ka fara.